Zakin Bama a Ƙofar Barikin Zariya

Kowace shekara, da zarar an rufe makarantu don dogon hutun tsakiyar shekara a Amurka da Turai, akan ga ayarin matasa 'yan shekara 15 zuwa 18 suna sauka a Kathmandu ko Delhi da jakunkuna a baya. Iyayensu sun biya dubban daloli domin a zaga da su na tsawon makonni. Za su kwana a gidajen manoman Nepal, su zauna shiru a gaban malaman addinin Buda, su tsaya a gaɓar kogin Ganga a Varanasi suna kallon yadda mabiya Hindu ke wanka da ƙona mamatansu. Wasu za su kai Dharamsala, mazaunin Dalai Lama tun 1960, wasu kuma su leƙa gidan ibadar Kopan da ke bayan Kathmandu, wanda ya soma koyar da baƙi 'yan Yamma tun farkon shekarun 1970. Daga nan sai su koma gida da hotuna da carbin katako.

Idan aka ba Bazazzagi wannan labari, amsarsa ba za ta wuce biyu ba. Ko dai ya ce abin masu ƙoshi ne da suka rasa abin yi da kuɗi, ko kuwa ya yi a'uziyya ya ce shi kam ɗansa ba zai taka wurin bautar gumaka ba. Duka amsoshin biyu sun ginu a kan zaton cewa Hindu da Buda wasu abubuwa ne na can nesa da ba su taɓa ratsa rayuwarmu ba. Tarihin Samaru da Sabon Gari ya saɓa wa wannan zato. A cikin ƙarnin da ya wuce, Zariya ta yi ido huɗu da waɗannan addinai har sau huɗu: a littafi, a fagen yaƙi, a aji, da kuma a silima. A kowace haɗuwa mun tsinci wani abu mun riƙe, amma ba mu taɓa tsayawa mun tambayi mutanen abin da suka yi imani da shi ba.

Akun da ya taso daga Indiya

A 1936 aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga Katsina zuwa Zariya, inda Rupert East ke jagorantar Hukumar Talifi, domin ya rubuta littafin karatu ga 'yan makaranta. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne *Magana Jari Ce*. Duk wanda ya karanta littafi na farko ya san tsarinsa: aku ne ke riƙe ɗan sarki Musa da labari bayan labari don kada ya fice ya bi sahun mayaƙa.

Manazarta adabin Hausa sun daɗe da nuna cewa wannan aku baƙo ne. Asalinsa wani tsohon littafi ne na harshen Sanskrit mai suna *Shukasaptati*, wato labarai saba'in na aku, inda tsuntsun ke hana matar wani falke fita da dare ta hanyar ja mata labari har gari ya waye. An mayar da shi Farisanci a ƙarni na 14 da sunan *Tutinama*. Haka ma *Kalila wa Dimna*, wanda malaman zaurenmu suka sani, tushensa *Panchatantra* ne na Indiya, ya biyo ta Farisa kafin Ibn al-Muƙaffa ya zuba shi cikin Larabci a ƙarni na 8. Imam ya ɗauki ƙashin labarin, ya sa masa rawani da alkyabba, ya zaunar da shi a fada irin tamu. Ya yi aikin da kyau har yaran da suka yi shekara da shekaru suna karanta shi ba su taɓa jin ƙanshin Indiya a jikinsa ba. Wannan ce haɗuwar farko, kuma daga ita salon sauran ya samo fasali: mu karɓi kayan, mu kankare tambarin mai su.

Samarin da suka je da ƙafarsu

Wanda ya saba bin hanyoyin Sabon Gari ya san barikin da ake horar da kuratan sojan Nijeriya, wanda ke Zariya tun 1924, kuma ya san makarantar sakandaren soja da aka soma a 1954 domin yara maza. Sunan wurin Barikin Chindit. Mutane da yawa sun ɗauka sunan wani Bature ne. Kalmar ta fito ne daga *chinthe*, wato mutum-mutumin wata dabba mai kamar zaki da ake girkewa biyu-biyu a ƙofar wuraren ibadar Buda a ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar, domin su yi gadin wurin.

Ga yadda zakin ya iso Zariya. A Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta ƙwace Bama a 1942, Ingila ta haɗa runduna biyu daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, ta tura su gabas. Ta 81 ta sauka Bombay a 1943, ta 82 ta biyo baya a 1944. Dubun-dubatar 'yan Nijeriya ne a ciki, da yawansu daga Arewa, kuma Hausa ce harshen da ake ba da umarni da shi a bataliyoyin Nijeriya. A lokacin wani hafsan Ingila mai suna Orde Wingate ya kafa wata runduna ta musamman da ke kutsawa bayan layin Japanawa, ya ɗauki zakin ƙofar ibada ya mayar da shi tambarinta, aka riƙa kiran mayaƙanta Chindit. A farmakinta na biyu, wanda aka soma a Maris 1944, bataliyoyi uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, suna cikin waɗanda aka kwasa a jiragen sama aka sauke a tsakiyar dajin arewacin Bama. Da wannan zaki a kafaɗarsu suka yi yaƙi. Sauran 'yan uwansu kuwa suka fafata a yankin Arakan, a kwarin kogin Kaladan, har suka shiga Myohaung a Janairu 1945. Shi ya sa har yau ake da barikin Myohaung da na Arakan da na Dodan a Legas, da Kalapanzin da Dalet a Kaduna.

Da yawa daga cikin waɗannan sojoji ba su girmi matasan da ke sauka Kathmandu a yau ba. Isaac Fadoyebo, ɗan ƙasar Owo, yana da shekara 16 ya shiga soja. An harbe shi a bakin Kaladan a Maris 1944, wani manomi Musulmi na yankin ya ɓoye shi tare da wani abokinsa ɗan Saliyo na tsawon watanni har aka ceto su. Marubuci Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ya yi wannan yaƙi, da ya tashi rubuta ƙagaggen littafinsa *Burma Boy* a 2007, yaro Bahaushe da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi ya sa a gaba.

Sai mu tambayi kanmu abin da idanunsu suka gani. A Indiya sun ga shanu suna yawo a tsakiyar kasuwa ba mai kora. A Bama sun ratsa ƙauyukan da kusan kowanne ke da gidan ibada wanda kuma shi ne makarantar yara. Al'adar mabiya Buda na can ita ce yaro ya shiga hannun malami na wani lokaci, a aske masa kai, ya sa tufa mai sauƙi, ya haddace nassi cikin harshen Pali wanda ba shi ake yi a gida ba, da safe kuma ya fita da ƙoƙo jama'ar gari su zuba masa abinci suna neman lada. Da wuya wanda ya tashi a tsangaya ya ga haka bai tuna gida ba. Ita kuwa Myohaung da suka shiga, ita ce tsohuwar Mrauk-U, babban birnin daular Arakan daga 1430 zuwa 1785, cike da gine-ginen ibada na dutse. Sarakunanta mabiya Buda ne, amma an yi zamanin da suke ɗaukar laƙabin Musulmi, suna buga kuɗi da rubutun Larabci a jiki.

Da aka gama yaƙi suka dawo, wasu da lambobin yabo, wasu da rauni a jiki ko a ƙwaƙwalwa. Jama'a suka saurari labarin daji da damina da Japanawa. Ba a zaunar da su aka rubuta abin da suka fahimta game da mutanen da suka zauna a cikinsu ba. Abin da ya saura shi ne sunaye a allunan bariki.

Malaman Samaru

Haɗuwa ta uku ta zo da alli a hannu. Samaru ta soma zama matattarar masana tun 1922 da aka kafa tashar binciken aikin gona. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a ranar 4 ga Oktoba 1962, Arewa ba ta da isassun 'ya'yanta da za su riƙe azuzuwan lissafi da kimiyya da injiniyanci da likitanci. Turawa ba su wadatar ba, kuma suna da tsada. Indiya, wadda ta sami 'yanci a 1947 kuma take yaye masu digiri da Ingilishi fiye da yadda take iya ba su aiki, ita ta cike giɓin tare da Fakistan. Ko Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna, da aka buɗe a 1964, hafsoshin Indiya ne suka ɗora ta a kan ƙafafunta, kuma shugabanta na farko Birgediya M. R. Varma ne.

Da kuɗin mai suka shigo a shekarun 1970 aka yi ta buɗe makarantu, sai abin ya bazu har sakandare da kwalejojin horon malamai. Duk wanda ya yi karatu a Arewa a wancan zamani zai tuna malamin lissafi ko na kimiyya Ba'indiye, da irin lafazinsa da yara ke kwaikwaya a bayan idonsa, da matarsa mai sari da jan ɗigo a goshi tana tsintar ganye da kayan miya a kasuwar Samaru ko ta Sabon Gari. A cikinsu akwai Hindu, akwai Musulmi, akwai Kirista 'yan Kerala, akwai Sikh masu naɗi. Mu dai duk Indiyawa muke ce musu.

An yi kusan shekara 25 ana wannan zama na maƙwabtaka. An san wane ba ya cin naman shanu, wane ma ba ya cin nama sam. An san akwai wani dare a ƙarshen shekara da suke jera fitilu a ƙofar gida. Sanin bai wuce nan ba, kuma laifin ba na ɓangare ɗaya ba ne. Su baƙi ne da suka zo neman abinci, sun iske ƙasar da addini ke da zafi, suka ja bakinsu suka yi shiru. Mu kuma muna da amsa a aljihu tun kafin tambaya: masu bautar saniya ne. Da darajar naira ta faɗi bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, albashin ya daina kai su ko'ina, suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka tafi. Sun bar mana injiniyoyi da likitoci da malaman da suka gaje su.

Daren Sabon Gari

Sabon Gari ta tsiro ne da zuwan jirgin ƙasa Zariya wajen 1911, a matsayin mazaunin ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi, nesa da ganuwar birni da idon malamanta. Saboda haka a can abubuwan da birni ke ƙyama suka sami wurin zama, ciki har da silima. Daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen silima suka soma shigo da finafinan Bombay saboda sun fi na Amurka araha. Ba su zaci abin zai kama Arewa kamar wutar daji ba.

Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya bayyana dalilin da kyau. Bahaushe ya ga duniya mai kama da tasa: auren dole, biyayya ga iyaye, kunya tsakanin namiji da mace, rawani da mayafi, mai kuɗi azzalumi da talaka mai haƙuri. *Mother India* na 1957 ya shafe shekaru gommai ana maimaita shi, 'yan kallo suna bin waƙoƙin da baki ba tare da sun san ma'ana ba. Aka raɗa wa jarumai sunayen Hausa, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Masu bandiri a Kano suka ɗauki karin waƙoƙin suka ɗora musu yabon Manzon Allah (SAW). Daga baya finafinan Hausa suka gaji rawa da waƙar gaba ɗaya.

A cikin waɗannan finafinai addinin Hindu a fili yake. Ga uwa tana kaɗa ƙararrawa a ɗakin bauta tana kuka a gaban mutum-mutumi. Ga ango da amarya suna zaga wuta sau bakwai. Ga bikin watsa launi. Ga jarumin da aka kashe ya sake dawowa duniya a wani jikin don ɗaukar fansa, kamar a *Karan Arjun* na 1995. Addinin Buda kuma ta finafinan faɗa na Sin ya shigo: masu aski ƙwal da tufa ruwan goro da yaran Sabon Gari ke kwaikwayon tsallensu 'yan gidan ibadar Shaolin ne, wanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 5. Matashin Zariya na 1980 ya ga ibadar Hindu a majigi sau ɗaruruwa, fiye da abin da ɗan Amurka zai gani a wata guda a Varanasi. Amma da za a tambaye shi dalilin zaga wutar, ko abin da mai askin ke nema da yake zaune ido rufe, da ya ɗaga kafaɗa. Da zamanin fassara ya zo ma, sai aka riƙa sa wa jarumin kalmomin Musulmi a baki, tambarin ya ƙara gogewa.

Akwai kuma abin da ya wuce mu. Mehboob Khan da ya shirya *Mother India* Musulmi ne, haka Nargis da ta fito a matsayin uwar, haka Dilip Kumar wanda sunansa na yanka Yusuf Khan. Shahararriyar waƙar bautar Hindu ta fim ɗin *Baiju Bawra* na 1952, Shakeel Badayuni ya rubuta ta, Naushad ya yi mata kiɗa, Mohammed Rafi ya rera, dukansu Musulmi. Ko mutum ya yarda da abin da suka yi ko bai yarda ba, labari ne na yadda Musulmi marasa rinjaye ke rayuwa a tsakanin wasu, kuma yana gabanmu muna kallo ba mu karanta shi ba.

Hanyar Biruni

Mai karatu zai iya cewa wannan rashin tambaya kariya ce ga imani. Magabatan malaman Musulunci ba haka suka ɗauki lamarin ba. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya rayu a ƙarƙashin Sarki Mahmud na Gazna mai yawan kai hari Indiya. Ya koyi Sanskrit, ya zauna da malaman Hindu, ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci, sannan wajen 1030 ya kammala babban littafinsa kan Indiya. Tun a gabatarwa ya bayyana cewa aikinsa kawo maganar mutanen ne yadda take, ba jayayya da su ba. Ya rubuta cewa masu ilimi a cikinsu sun yarda da Ubangiji ɗaya marar farko marar ƙarshe, alhali gama-garin mutane sun rataya ga siffofi. Ya nuna cewa imani da sake dawowar rai a wani jikin shi ne alamar da ake gane addininsu da ita, kamar yadda kalmar shahada take ga Musulmi. Bai ɓoye ba cewa hare-haren sarkinsa sun ruguza arzikin ƙasar, sun dasa ƙiyayyar Musulmi a zukatan mutanenta. Ya soki abin da ya ga ya cancanci suka, kuma ya mutu yana Musulmi. Bayansa Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya ba mabiya Buda gurbi a littafinsa na addinai da ƙungiyoyi, ya zayyana koyarwarsu ta guje wa kisa da sata da ƙarya da son duniya.

Wannan gado namu ne, yana cikin Larabcin da ake karantawa a zaurukan birnin Zariya. Ɗan Amurka da ke zuwa Nepal sau da yawa wani abu yake nema da zai cike masa gurbi a zuciya, kuma akwai abin suka a harkar da ke mayar da ibadar talakawa abin kallon 'ya'yan masu hali. Biruni bai je neman addini ba, yana da nasa. Ya je ne don ya san abin da maƙwabcinsa ke cewa, daga bakin maƙwabcin.

Abin da ke gabanmu

Maganar ta wuce sha'awar tarihi. Yau Indiya na cikin wuraren da 'yan Arewa suka fi zuwa neman magani, kuma iyaye da gwamnatocin jihohi suna tura ɗalibai jami'o'inta. Ƙasa ce da ƙidayar 2011 ta nuna kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanenta Hindu ne, Musulmi kuma sun haura miliyan 170. Yarinyar da ta tashi daga Samaru za ta kwana ɗaki ɗaya da wadda ke ajiye ɗan mutum-mutumi a kan teburinta, kuma likitan da zai yi wa mahaifinta aiki wataƙila da jan zare a wuyan hannunsa. Idan guzurinta bai wuce "masu bautar saniya" ba, ko dai ta yi ɓaranɓarama ta ɓata zama, ko kuwa ranar da ta gano abin ya fi haka zurfi ta soma shakkar duk abin da aka faɗa mata a gida.

Haka kuma Arakan ɗin da kakanninmu suka yi yaƙi ita ce jihar Rakhine, inda a 2017 sojojin Myanmar suka kori Musulmin Rohingya fiye da 700,000 zuwa Bangladesh, wasu malaman Buda suna zuga wutar. Da yawanmu a nan muka fara jin sunan addinin, muka yanke masa hukunci da aikin waɗannan. Mu da muka san zafin a auna Musulunci da ta'asar 'yan tsiraru, ya kamata mu fi kowa sanin cewa haramcin kisa shi ne farkon dokoki biyar na mabiya Buda, kuma masu zugar sun take nasu littafin ne.

Sannan akwai na kusa. A makarantunmu, idan lokacin darasin addini ya yi, aji rabuwa yake biyu, kowa ya bi malaminsa, a gama sakandare ba wanda ya san abin da aka faɗa a ɗaya ɗakin. Zariya ta ga inda irin wannan zama ke kaiwa a Maris 1987, sa'ad da rikicin Kafanchan ya iso aka ƙona wuraren ibada. Wanda bai iya tambayar Ba'indiyen da ya koya masa lissafi ba, da wuya ya iya tambayar maƙwabcinsa na Sabon Gari.

Gyaran bai buƙatar tikitin jirgi. Littafin Biruni yana nan da Larabci da Ingilishi, yana jiran mai mayar da shi Hausa. Tsofaffin ɗaliban malaman Indiya suna raye, haka 'ya'yan sojojin Bama da ke riƙe da hotuna da lambobin iyayensu a cikin adaka, kuma Samaru cike take da ɗaliban tarihi masu neman abin rubutawa. Uba ma zai iya somawa da abu mai sauƙi. In ya biyo da ɗansa ta gaban barikin, ya nuna masa allon, ya tambaye shi ko ya san abin da Chindit ke nufi.